Fitilar Sabis Ba Ta Ganin Baƙin Mai

Akwai wani ciniki da a ke yi kusan kullum safiya a garejin kanikawa na cikin garin Bauchi, tun daga gefen kasuwar Muda Lawal har zuwa hanyar Jos. Cinikin ba ya cin minti ɗaya, ba a kwance ko da noti guda, amma kuwa yana iya jawo wa mai mota asarar inji sukutum. Mai mota zai tsaya a bakin gareji, ko fitowa ba zai yi ba, sai ya sauke gilashi ya yafito yaron bakanike, ya nuna masa wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ta kama a gaban sitiyari. "Kai yaro, zo ka kashe mini wutar nan, ta dame ni." Yaro ya rusuna ya ce, "To, Alhaji, ranka ya daɗe." Ya zura hannu ya danne wani ɗan maɓalli, ya murɗa makulli, nan da nan wuta ta mutu. Alhaji ya miƙa masa na goro, ya ja motarsa ya tafi yana ganin an yi gyara. Baƙin man da ke cikin injin kuwa yana nan yadda ya ke, da ƙurarsa da dattinsa.

Wannan fitila ita ce fitilar sabis. A motocin Toyota da su ka fito daga Amurka rubutu ne ke bayyana, watau MAINT REQD. A motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, da kuma na Honda, hoton sifana ne. Aikinta guda ɗaya ne tak, watau ta tuna wa mai mota cewa lokacin juye ya yi, a zubar da tsohon baƙin mai, a sake filta, a duba sauran abubuwan da su ka kamata. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, a mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Bauchi fitilar nan ba ta da ido a cikin inji. Ba ta san ko man sabo ne ko tsoho ba, ba ta san ko na kirki ne ko jabu ba, ba ta ma san ko akwai shi ko babu ba. Ƙirga kawai ta ke yi. Idan an danne maɓalli an ce mata an yi juye, sai ta yarda, ta koma farkon ƙirgarta.

Dattawan direbobi sun san lokacin da babu wannan abu sam. A shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, da kuma ƙarshen shekarun 1970 da kamfanin Steyr ya kafa masana'antar manyan motoci da motocin noma a nan Bauchi, abin da direba ke lura da shi a gabansa bai taka kara ya karya ba: jar wutar batir, jar wutar mai, da allurar zafin inji. Tunawa da ranar sabis aikin mutum ne. Garejin kamfani ya kan rubuta a kati yawan tafiyar da motar za ta kai kafin a komo da ita, direban ma'aikata kuma yana da littafin tafiya wanda a ke sa wa hannu. Fiye da haka, direban Fijo 504 ba ya tayar da mota da safe sai ya buɗe bonet, ya zaro geji ya goge, ya mayar ya sāke zarowa, ya murza man a tsakanin yatsunsa, wani har ya shinshina. Wannan ɗabi'a ce ta yi ƙaranci a yanzu, domin an ɗauka motar zamani za ta faɗi ciwonta da kanta.

Daga baya masu ƙera motoci su ka yi tunanin ɗora wa mota nauyin tunawa. A shekarar 1981 kamfanin BMW na Jamus ya fito da mota mai jerin ƙananan fitilu koraye waɗanda ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aikin da inji ya yi, idan sun ƙare rawaya ta kama, idan an yi sakaci ja ta biyo baya. A 1988 kamfanin General Motors na Amurka ya kawo tasa dabarar, inda kwamfutar mota ke lissafa juyawar inji da zafinsa, ta ƙiyasta sauran ƙarfin da ya rage wa mai. Daga nan sauran kamfanoni su ka bi sahu, kowa da irin nasa. Da motocin hannu su ka fara kwararowa Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Legas, sai fitilun su ka iso ba tare da littattafan da ke bayaninsu ba, domin da wuya a sami motar da ta ƙetare teku da littafinta a ciki. Wanda ya zo kuma da Turanci ya ke, ko Jamusanci, ko Faransanci.

Kafin a yi nisa, lalle ne mai karatu ya bambanta wannan fitila da wasu biyu da ke zaune kusa da ita, domin rikita su da a ke yi ya kashe injuna ba kaɗan ba. Ta farko ja ce, mai hoton butar mai tana ɗiga. Wannan ba ta da alaƙa da ƙirga. Idan ta kama mota na tafiya, ma'anarta mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, ko dai ya ƙare, ko famfonsa ya lalace, ko hanyarsa ta toshe. Maganinta a gangara gefen hanya a kashe inji nan take, ko da kuwa a dajin da ke tsakanin Ningi da Birnin Kudu ne. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, sau da yawa janwe ne ke ƙarasa da shi. Ta biyu mai ruwan ɗorawa ce, mai hoton inji. Ita kuma kwamfutar mota ce ke cewa ta ga wani abu ba daidai ba, kuma tun daga shekarar 1996 kowace mota da a ka sayar a Amurka tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'ura ta karanta lambar matsalar. A Bauchi, kamar a sauran garuruwa, babban abin da ke sa wannan fitila ta kama ta ƙi mutuwa shi ne cire matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa su ka laƙaba wa suna indomi. Wannan zance ne na wani mako.

Fitilar sabis ita ce mafi sauƙin hali a cikin ukun, kuma saboda haka ne a ka fi raina ta. A irin su Camry da Corolla da Sienna na Amurka, waɗanda su ka cika tashoshin mota da harabar ma'aikatu, idan mota ta yi tafiyar mil 4,500 daga juyen baya, fitilar ta kan yi ƙyafta-ƙyafta na ɗan lokaci duk sa'ad da a ka tayar da inji. Idan ta cika mil 5,000 sai ta tsaya cak ta ƙi mutuwa. A lura, mil a ka ce. Motar Amurka da mil ta ke ƙirga, kuma mil 5,000 ya yi kusan kilomita 8,000. Akwai kanikawa da ke kallon agogon tafiya su rubuta wa mai mota ranar dawowa kamar da kilomita ya ke ƙirgawa, mai mota ya tafi yana zaton tafiyar kilomita 5,000 zai yi, alhali zai zarce da fiye da rabin haka.

A nan ne lissafin ke da ban sha'awa, idan a ka ɗora shi a kan mutum biyu na garin nan. Direban haya da ke jigila tsakanin Bauchi da Jos, tafiyar kamar kilomita 130, idan yana zuwa ya komo sau ɗaya a rana ya ci kilomita 260. Cikin wata guda ya cika kilomita 8,000, fitila ta kama. Shi wannan fitilar tana faɗa masa gaskiya, ko kusa da gaskiya, domin doguwar tafiya a kan kwalta da inji mai ɗumi ita ce aikin da baƙin mai ya fi jurewa. Sai kuma ma'aikacin gwamnati da ke tashi daga Fadaman Mada ko Yelwa zuwa sakatariya, ya kai yara makaranta, ya biya kasuwar Wunti, ya koma gida. A ce yana yin kilomita 20 a rana, kwana 22 a wata, watau kilomita 440. Kafin fitilarsa ta kama sai ya shafe shekara ɗaya da rabi. Littafin irin waɗannan motoci kuwa cewa ya yi mil 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Fitilar ba ta ƙirga watanni. Mutumin yana nan hankalinsa kwance, yana yabon motarsa ba ta cin kuɗi, alhali mansa ya wuce wa'adi har sau uku.

Kuma gajeriyar tafiyar nan ta fi cutar da mai nesa ba kusa ba. Inji da bai yi zafi sosai ba yana barin raɓar ruwa da ɗan fetur da bai ƙone ba su gangara cikin baƙin mai. Doguwar tafiya ta kan ƙone su su fice. Tafiyar minti goma ba ta yin haka, sai su taru, mai ya tsinke, ƙarfinsa ya ragu. Littattafan motoci kusan duka suna da wani babi da su ke kira aiki mai tsanani, inda su ke umartar a rage tsawon lokacin juye. Abubuwan da su ke lissafawa a babin su ne hanya mai ƙura, da gajerun tafiye-tafiye, da barin inji yana aiki mota na tsaye, da ɗaukar kaya mai nauyi, da zafi mai yawa. Duk wanda ya taɓa zama a Bauchi daga watan Disamba, lokacin da hunturu ke rufe duwatsun da ke kewaye da garin da hazo, har zuwa Maris da Afrilu da zafi ke kusantar awo 40, ya san cewa abin da Bature ya kira aiki mai tsanani shi ne aikin yau da kullum a nan. Ga motar kasuwar ƙauye da a ke loda wa buhunan masara har ta zauna a kan tayoyinta. Ga manyan mutane da ke barin direba ya kunna iyakwandishan awa biyu a ƙofar ɗakin taro, inji na juyawa, agogon tafiya na tsaye, fitila ba ta ƙirga komai ba.

Motocin Honda daga tsakiyar shekarun 2000 sun ɗan fi wayo. Su kwamfutarsu tana duba zafin inji da juyawarsa da tsawon tafiya, ta nuna sauran ƙarfin mai daga kashi 100 yana sauka. Idan ya kai kashi 15 sifana ta bayyana, tare da harafi da lamba. Harafin A na nufin juyen mai, B na nufin mai da filta da duba birki da sauran sassa. Lamba 1 sauya wa tayoyi wuri, 2 filtar iska, 3 man giya, 4 filogi, 5 ruwan lagireto. Wannan tsari yana gane gajeriyar tafiya, ya gaggauta ƙirga. Duk da haka, shi ma bai san ƙurar hanyar Dass ba, kuma lissafinsa ya ginu ne bisa zaton an zuba irin man da kamfani ya ce. Idan an zuba na kwalba da a ke sayarwa a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, kwamfuta za ta ba shi kashi 100 kamar yadda za ta ba na kirki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanni, har da wanda a ka tace daga tsohon da a ka zubar a ka ɗura a sabon galan.

Sa'an nan ga maganar kauri. A bisa murfin da a ke zuba mai, mafi yawan motocin Amurka suna ɗauke da rubutu, 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20. Kanikawa da yawa da su ka koyi aiki a kan Fijo 504 sun saba da 20W-50, kuma sun yi imani ƙasa mai zafi sai mai mai kauri. Injin da a ka ƙera da ƙananan hanyoyin mai yana wahala da shi, musamman da sanyin safiyar hunturu kafin ya yi ɗumi. Murfin nan shi ne guntun littafin da ya tsira daga tafiyar teku, ya kamata a karanta shi.

Mene ne ƙarshen mai da ya daɗe? Ya kan yi kauri ya zama kamar kwalta, ya manne a cikin kan inji, ya toshe rariyar da famfo ke jan mai ta cikinta. Ranar da ta toshe sarai, jar wuta ta kama, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. Wannan ba a Nijeriya kaɗai ya ke faruwa ba. A Amurka, masu motocin Toyota da Lexus ƙirar 1997 zuwa 2002, ciki har da Camry da Sienna da Avalon, sun yi ta kukan daskarewar mai a injunansu. Kamfanin ya ce rashin juye a kan lokaci ne, masu motoci su ka ce ƙirar injin ce. A 2002 kamfanin ya amince zai ɗauki nauyin gyara har tsawon shekara 8, a 2007 kuma a ka sasanta ƙarar da a ka shigar a kotu. Abin lura ga mutumin Bauchi shi ne, irin waɗannan motoci da yawa, bayan sun gama aikinsu a can, nan su ka zo su ka zama motocin haya da na iyali. Inji ne da ba ya yafe sakaci ko a ƙasar da babu hunturu.

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da a ka janye tallafin fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin galan na baƙin mai ya hau, abin da ya sa mutane su ka ƙara jinkirta juye. Ba wanda zai ga laifin magidanci da ke auna tsakanin galan na mai da kuɗin makarantar yara. Sai dai ya sa a cikin awonsa cewa kuɗin inji na hannu, da na bakanike, da na kwanakin da motar za ta yi a gareji, ya ninka na galan sau da yawa. Ga direban haya da ke biyan balas ga mai mota kullum, bugawar inji na nufin an rufe tukunyar gidansa har sai abin da hali ya yi.

To, yaya a ke mayar da fitilar farkon ƙirga bayan an yi juye na gaskiya? Abu ne da mai mota zai iya da kansa. A Toyota mai makulli, a murɗa makulli har fitilun gaba su kama ba tare da an tayar da inji ba, a danna ɗan maɓallin agogon tafiya har ya nuna Trip A, ko kuwa ODO a waɗanda su ka fi tsufa. A kashe makulli. A danne maɓallin a riƙe, a sāke murɗa makulli hannu na kan maɓalli. Za a ga 'yan layuka suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai sifili ya jeru, fitila ta mutu. Idan ba ta mutu ba, a gwada da ɗayan, domin nan ne kurum a ke kuskure. A Fijo 406 da 307 da 206, a kashe makulli, a danne maɓallin agogon tafiya, a murɗa makulli, lambobi za su fara sauka daga 10 har zuwa sifili, sa'an nan a saki, sifana ta ɓace. A Honda, a danna maɓalli har sauran ƙarfin mai ya bayyana, a riƙe kamar daƙiƙa 10 har ya fara ƙyaftawa, a saki, a sāke riƙewa kamar daƙiƙa 5, ya koma kashi 100. Sababbin motoci masu allo ta maɓallan kan sitiyari a ke bi, wasu motocin Jamus kuma sai an jona na'ura.

Sauƙin abin shi ne haɗarinsa, kuma ɓarnar ta kan zo ta fuska biyu. An riga an ga mai mota da ke sa a kashe fitila ba juye. Akwai kuma bakanike da ke yin juye tsakani da Allah, amma ya manta, ko bai iya ba, ya bar fitila a kunne. Mai mota ya yi wata biyu yana ganinta, idonsa ya saba, har ta zama kamar adon mota. Ranar da ja ta kama kusa da ita, ba lalle ya lura da wuri ba. Wani bakaniken kuma ya kashe ta ranar da a ka kawo motar gyaran birki, don kawai ya faranta wa maigida rai, ƙirga ta koma farko a tsakiyar tafiya. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, wadda ke da rassa a jihohi, za ta yi wa 'ya'yanta da masu motoci babban alheri idan ta sa wannan ɗan darasi cikin abin da a ke koya wa yaro kafin a yaye shi: ba a taɓa maɓallin nan sai tsohon mai yana cikin kwano a ƙarƙashin mota.

Mai sayen motar hannu kuwa sai ya ƙara buɗe ido. Rashin fitila a gaban sitiyari ba shaida ba ce ta komai, domin dillali ya san maɓallin, wani ma ƙwan fitilar ya ke cirewa, ko ya liƙa baƙin tef ta ciki. Gwajin ba wuya. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, fitilun gargaɗi za su kama gaba ɗaya na ɗan lokaci, musamman ja mai butar mai da mai hoton inji. Wadda ba ta kama ba, an yi mata wani abu. Sa'an nan a buɗe murfin mai a haska tocila ciki. Idan ƙarfe na ƙyalli da ruwan zuma, an kula da injin. Idan baƙin abu ya daskare a bayan murfin kamar daddawa, a nemi ragi mai yawa ko a nemi wata motar. Duk wadda a ka saya, a yi mata juye a makon farko, ko da dillali ya rantse jiya a ka yi, a mayar da fitila farko a ranar, domin ƙirgar ta fara daga wurin da a ka sani.

Abin da ya rage shi ne ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, a ajiye shi a aljihun mota tare da takardun inshora. A rubuta ranar juye, da abin da agogo ya nuna, ko mil ne ko kilomita, da sunan man da kaurinsa, da ko an sake filta. Mai gajeriyar tafiya a cikin gari ya bi watanni, kada ya wuce 6 ko fitila ta kama ko ba ta kama ba. Mai bin hanyar ƙura ya rage tafiyar da fitila ta ba shi, kada ya jira ta cika. Geji kuwa a zaro shi sau ɗaya a mako, da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai, domin tsohon inji yana iya shanye lita guda tsakanin juye da juye fitilar sabis ba ta ce uffan ba. Idan iskar gabas ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, a buɗe akwatin filtar iska a ɗaga ta a hasken rana. Idan haske bai ratsa ta ba, kakkaɓewa ba za ta wadatar ba, sai sabuwa.